Katangar tsaron kwamfuta: Abin da ke hana buɗe fayil ɗin mara lafiya a asibiti

"Babu netwok." Wannan ita ce amsar da mara lafiya ko mai jinya ya saba ji a tagar ɗakin kati, ko wurin biyan kuɗi, ko ɗakin bayar da magani, a asibitocin da suka bar fayil ɗin takarda suka koma aiki da kwamfuta. Sau da yawa kuwa intanet ɗin lafiyarsa ƙalau. Wayar ma'aikacin tana karɓar saƙon WhatsApp, na'urar POS tana cire kuɗi, amma manhajar da ke ɗauke da tarihin rashin lafiyar mutum ta ƙi buɗewa. A irin wannan hali, abin da ya tare hanya yakan kasance matakan da aka girka domin kare bayanan ne, musamman katangar tsaro, wadda masu gyaran kwamfuta ke kira fayawol.

Lamarin ya wuce ɓata lokaci kawai. Muddin fayil bai buɗe ba, likita ba zai ga sakamakon gwajin jiya ba, ba zai ga maganin da aka rubuta a watan da ya wuce ba, ba kuma zai ga gargaɗin cewa jikin mara lafiyar ba ya karɓar wani magani ba. Ɗan kasuwar da ya baro shagonsa a Kantin Kwari da niyyar komawa kafin azahar sai ya wuni a kan benci. Ma'aikacin gwamnati da ke ƙarƙashin inshorar lafiya, ta tarayya ko ta hukumar KSCHMA ta Jihar Kano, yana iya samun kansa cikin zaɓi biyu: ya jira a tabbatar da sunansa, ko ya biya daga aljihunsa.

Manhajar da inda take zaune

Manhajar bayanan marasa lafiya ita ce ke maye gurbin kati da fayil. A cikinta ake rubuta suna da shekaru, da abin da likita ya gano, da gwaje-gwaje, da magunguna, da lissafin kuɗi. Iri biyu ce ta fuskar inda bayanan ke zaune, kuma sanin bambancin shi ne matakin farko na gane inda matsala take.

Ta farko tana zaune a cikin asibitin, a kan wata babbar kwamfuta da ake kira saba, wadda sauran kwamfutocin ɗakuna ke magana da ita ta waya ko ta Wi-Fi. Irin wannan ba ta buƙatar intanet don aikin yau da kullum, sai lokacin aika rahoto. Manhajojin shirin yaƙi da cutar HIV a Najeriya, irin su NMRS da LAMIS, a kan wannan tsari aka fi amfani da su, sa'annan a riƙa tura bayanan zuwa rumbun ƙasa da ake kira NDR. An gina NMRS ne a kan OpenMRS, wata manhajar kyauta da cibiyar Regenstrief ta Amurka da ƙungiyar Partners In Health suka fara a 2004 domin asibitocin ƙasashe masu ƙarancin hali.

Ta biyu tana zaune a kwamfutocin kamfanin da ya ƙera ta, watakila a Legas, watakila a Turai, asibiti kuma ya riƙa shiga ta burauza kamar yadda ake shiga shafin banki. Kamfanoni irin su Helium Health, da aka kafa a Legas a 2016, irin wannan hidima suke sayarwa. Akwai kuma DHIS2, wadda Jami'ar Oslo ta ƙasar Norwe ke kula da ita, wadda ta cikinta asibitoci ke aika alƙaluman wata-wata zuwa ma'aikatar lafiya. Ita ma ta intanet ake shigarta, ko da yake a wannan aiki jimilla take ɗauka, ba fayil ɗin mutum ɗaya ba.

Ƙaramar Hukumar Fagge, wadda Sabon Gari ke cikinta, wuri ne da za a iya ganin nauyin abin da ake karewa. A nan Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa yake, wanda aka fi sani da Asibitin Zana, inda ake kula da masu tarin fuka da makamantansu. A titunan Sabon Gari kuma akwai asibitoci masu zaman kansu da ɗakunan gwaji da dama, waɗanda hukumar PHIMA ke sa wa ido. A unguwar da kowa ya san kowa ta hanyar ciniki, fitar sakamakon gwajin mutum ɗaya na iya kashe aure, ko ya raba shi da abokan hulɗarsa.

Mece ce katangar, kuma yaya take aiki?

Sunan ya samo asali ne daga harkar gini: bangon da ake yi tsakanin ɗakuna domin idan gobara ta tashi a ɗaya kada ta tsallaka zuwa na kusa. Wanda ya ga yadda wuta ta riƙa bin shaguna layi-layi a gobarar kasuwar Sabon Gari ta watan Maris 2016 ba ya buƙatar dogon bayani a kan amfanin irin wannan bango. Masana kwamfuta sun ari kalmar a ƙarshen shekarun 1980, lokacin da aka fara ganin miyagun manhajoji na tsallakawa daga wannan kwamfuta zuwa waccan.

A aikace, katangar ta fi kama da ganuwar Kano da ƙofofinta. Kowace kwamfuta tana da adireshi, wanda ake kira adireshin IP, tana kuma da ƙofofi masu lamba har 65,535 da saƙo ke bi. Shafukan intanet masu tsaro ta ƙofa ta 443 suke bi. Saba mai ɗauke da OpenMRS ta saba sauraro a ƙofa ta 8080. Rumbun bayanai na MySQL yana amfani da 3306, na PostgreSQL kuma 5432. Katangar ita ce Sarkin Ƙofa. Tana duba kowane saƙo, daga wane adireshi ya fito, wace ƙofa ya nufa, ta gwada da jerin ƙa'idojin da aka ba ta. Ƙa'idarta ta asali ita ce duk baƙon da ba a gayyata ba, kuma ba a rubuta sunansa ba, ba zai shiga ba. Ba ta san likita ba, ba ta san gaggawa ba.

Wani abin da ke rikita ma'aikata shi ne katangar ba ɗaya ba ce. Akwai wadda ke cikin Windows, da Microsoft ya mayar tana kunne tun daga 2004. Akwai wadda ke zuwa tare da manhajar rigakafin bairos. Akwai ta cikin rauta, wato akwatin da ke raba intanet. Sa'annan kamfanin manhajar yana da tasa a can ɓangarensa. Saƙo ɗaya sai ya wuce dukkansu, kuma ɗaya ta isa ta tsayar da shi.

Inda aka fi samun cikas

A asibitocin da sabarsu ke cikin gida, ɗaukewar wuta ce uwar yawancin matsaloli, amma ta wata hanya da ba a cika lura da ita ba. Rauta ce ke raba wa kwamfutoci adireshi a duk lokacin da suka kunnu. Idan wuta ta ɗauke aka tayar da janareta, komai ya sake kunnuwa, saba na iya samun sabon adireshi. Jiya tana lamba 192.168.0.100, yau ta koma 192.168.0.104. Kwamfutar ɗakin likita kuwa tsohon adireshin take nema, don haka sai ta yi ta ƙwanƙwasa gidan da aka tashi. Maganin wannan bai kai aikin minti goma ba: a ƙayyade wa saba adireshi na dindindin a cikin rauta. A garin da sauyawa tsakanin wutar KEDCO da janareta da sola ya zama abin kullum, rashin yin wannan ƙaramin gyara sakaci ne tsagwaronsa.

Na biye da shi shi ne yadda Windows ke kallon hanyar sadarwa. Tana raba hanyoyi zuwa ta gida, wadda ta amince da ita, da ta jama'a, irin ta otal ko filin jirgi. Idan aka canza rauta, ko aka jona saba da wata sabuwar Wi-Fi, Windows takan ɗauki hanyar a matsayin ta jama'a, ta tsananta tsaro, ƙa'idar da aka rubuta don barin ƙofa ta 8080 a buɗe a hanyar gida kuma ta daina aiki. Alamar wannan a bayyane take: manhajar tana buɗewa a kan saba ɗin kanta, amma ba ta buɗewa a ko'ina cikin sauran ɗakuna.

Masu amfani da manhajar intanet kuwa nasu cikas ɗin daban ne. Wasu kamfanoni, don ƙarin tsaro, sukan taƙaita shiga ga adireshin asibitin kaɗai. Dabara ce mai kyau idan adireshin tsayayye ne. Sai dai ƙananan asibitoci da yawa da rautar layin waya suke aiki, kamfanonin sadarwa kuma, saboda tsohon tsarin adireshi bai wuce guda biliyan 4.3 a duk duniya ba, sukan haɗa ɗimbin masu amfani a kan adireshi ɗaya, su kuma riƙa sauya shi. Hatta Starlink, da ya fara aiki a Najeriya a watan Janairun 2023, haka yake yi a tsarinsa na gama-gari. Sakamakon haka, adireshin da aka yi wa rajista ranar Litinin ba shi ne na ranar Laraba ba. Wani lokaci ma laifin wani ne ke shafar asibitin: idan wani da ke kan adireshi ɗaya da shi ya yi aikin damfara aka sa adireshin cikin jerin abin zargi, kowa ya shiga ciki. Hanyar fita ita ce sayen adireshi tsayayye daga kamfanin intanet, ko a girka VPN na asibiti, wato keɓaɓɓiyar hanya mai rufi tsakaninsa da kamfanin manhajar.

VPN na kyauta da ke kan wayoyi da kwamfutocin ma'aikata kuma wani abu ne daban. Jama'a da yawa sun sauke shi lokacin da gwamnati ta dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, wasu kuma ba su cire ba. Idan yana kunne, ma'aikaciyar jinya da ke zaune a Sabon Gari sai ta bayyana kamar daga Holan ko Jamus take neman shiga. Duk katangar da ta san aikinta za ta hana ta, wata ma ta kulle asusun gaba ɗaya.

Akwai kuma matsalar agogo, wadda ta fi kowacce sauƙin gyara, ta kuma fi kowacce ɗaure kai. Shafi mai tsaro yana gabatar da takardar shaida mai ranar farawa da ranar ƙarewa, burauza kuma da agogon kwamfutar take auna ta. Kwamfutocin hannu da ake saye a shagunan Titin Beirut da na Sabon Gari, musamman tsofaffi, ƙaramin batirin da ke riƙe musu kwanan wata yakan mutu, sai su farka a wata shekara da ta daɗe da wucewa. Nan take burauza za ta ce shafin ba abin amincewa ba ne. Batirin bai fi girman kwabo ba. Tsohuwar manhaja ma na jawo irin haka. A ranar 30 ga Satumba, 2021, wata babbar takardar shaida da miliyoyin shafuka suka dogara da ita ta ƙare, na'urorin da ba a sabunta ba kuma suka kasa buɗe shafukan da suke buɗewa a jiyansa.

Sauran ƙanana ne: lambar tabbatarwa da ake turowa ta tes ta makale saboda an rufe layin, ko an kulle asusu bayan kuskuren kalmar sirri sau da yawa, ko manhajar rigakafi ta ɗauki sabon kwafin manhajar asibiti a matsayin bairos.

Ma'aikaci na iya taƙaita binciken da tambayoyi kaɗan kafin ya kira mai gyara. Shin wasu shafuka suna buɗewa? Shin matsalar a kwamfuta ɗaya ce ko a duka? Kwanan watan da ke ƙasan allo daidai yake? Me aka canza tun jiya? Ita ma kalmar da ta fito a allo shaida ce. Idan burauza ta daɗe tana juyawa sa'annan ta ce lokaci ya ƙare, galibi wata katanga ce ta haɗiye saƙon ko adireshi ya sauya. Idan ta ce an ƙi haɗin nan take, watakila saba tana kunne amma manhajar ba ta tashi ba. Idan kuwa lamba 403 ta fito, saƙon ya isa, can ne aka ce ba shi da izini.

Gyaran da ya fi ɓarnar muni

Idan layi ya yi tsawo, shugaban asibiti kuma ya matsa, mai gyara yakan bi hanya mafi kusa: ya kashe katangar gaba ɗaya. Manhaja ta buɗe, kowa ya yi hamdala, ba kuma wanda zai sake tunawa ya kunna ta. Wani kuma yakan buɗe ƙofa ta 3389 zuwa intanet domin ya riƙa gyara daga gida ba sai ya zo ba. Wannan ƙofa tana cikin waɗanda masu kutse suka fi lalube, kuma da na'ura suke bin adireshin duniya ɗaya bayan ɗaya, ba su damu da ƙanƙantar asibiti ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

An ga sakamakon haka a ƙasashen da suka fi Najeriya kuɗi. A ranar 12 ga Mayu, 2017, manhajar WannaCry, mai kulle bayanai ta nemi kuɗin fansa, ta bazu a duniya ta ƙofa ta 445. A Ingila ta shafi kimanin kashi ɗaya bisa uku na rukunonin asibitocin gwamnati, aka soke ganin likita da ayyukan tiyata kimanin 19,000, wasu asibitoci suka riƙa juya motocin ɗaukar marasa lafiya zuwa wani wuri, gwamnati kuma ta ƙiyasta asarar a kan fam miliyan 92. Microsoft ya riga ya fitar da gyaran wannan rauni tun watan Maris, ba a sa ba. Ofishin binciken kuɗi na ƙasar ya bayyana cewa kula da katangar tsaro yadda ya kamata da ya kare asibitocin.

Katanga kaɗai kuma ba ta isa ba. A ƙasar Ayalan, harin da ya durƙusar da kwamfutocin hukumar lafiya a ranar 14 ga Mayu, 2021 ya samo asali ne daga wani fayil ɗin Excel da ma'aikaci ya buɗe daga saƙon imel makonni takwas kafin nan. A Afirka ta Kudu, harin Yunin 2024 a kan hukumar ɗakunan gwaji ta ƙasa ya sa aka koma sanar da likitoci sakamakon gaggawa ta wayar tarho. A cikin gida, a 2022 masu bincike na shafin Website Planet sun bayyana cewa bayanan mutum kimanin 37,000 da suka yi rajista da hukumar inshorar lafiya ta Jihar Filato, PLASCHEMA, suna zaune a rumbun intanet babu kalmar sirri. A nan ba a fasa komai ba, ƙofar ce ba a rufe ba tun farko.

Abin da doka ta ce

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ɗora wa shugaban kowane asibiti alhakin ajiye bayanan marasa lafiya. Sashe na 26 ya ce bayanan sirri ne, ba a fitar da su sai da rubutaccen izinin mai su, ko umarnin kotu ko wata doka, ko kuma idan ɓoye su barazana ce ga lafiyar jama'a. Sashe na 29 ya wajabta girka matakan hana wanda ba shi da izini kaiwa gare su, ya kuma tanadi ɗaurin da bai wuce shekara 2 ba, ko tarar Naira 250,000, ko duka biyun.

Dokar Kare Bayanai, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sanya wa hannu a watan Yunin 2023, ta ƙara nauyi. Ta sa bayanan lafiya cikin rukuni mai buƙatar kulawa ta musamman, ta kafa hukumar NDPC, ta kuma wajabta sanar da hukumar cikin awa 72 idan an yi kutsen da ka iya cutar da masu bayanan. Tarar manyan masu riƙe bayanai na iya kaiwa Naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa. Ta sauran kuma Naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin 100. Ke nan mai asibitin da ya ce a kashe katanga don layi ya ragu, da hannunsa ya karɓi wannan alhaki. Dokar ta kuma ba mara lafiya ikon neman kwafin bayanansa.

Tsarin da ya dace

Ƙa'idar ita ce a buɗe ƙofar da manhaja ke buƙata kaɗai, ga kwamfutocin da ke buƙatarta kaɗai, a kuma rubuta abin da aka buɗe a takarda domin idan mai gyara ya canza wanda ya gaje shi ya san inda aka kwana. Kowane ma'aikaci ya kasance da asusunsa, maimakon kalmar sirri ɗaya da aka manna a jikin allo, a kuma rufe asusun duk wanda ya bar aiki. Kwamfutocin da ke kan Windows 7, wadda aka daina sabuntawa a Janairun 2020, bai kamata su riƙe fayil ɗin kowa ba. Windows 10 ma tallafinta na yau da kullum ya ƙare a Oktoban 2025.

Wi-Fi ɗin masu jinya da wayoyin ma'aikata kuma a ware shi daga hanyar da saba take. Tarihin Fagge kansa misali ne na wannan tsari: zango ne a wajen ganuwa inda fatake ke sauka su yi cinikinsu, shiga birni kuwa sai ta ƙofa. Yawancin rautocin zamani suna da hanyar baƙi da ake kunnawa ba tare da ƙarin kuɗi ba.

Duk da haka akwai ranar da babu katangar da za a ɗora wa laifi. A ranar 14 ga Maris, 2024, manyan wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku sun lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da kamfanoni suka shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi. A ƙarshen Oktoban shekarar kuma Kano da yawancin jihohin Arewa sun shafe sama da mako guda babu wutar lantarki. Don irin waɗannan ranaku asibiti yana buƙatar takardun wucin gadi da za a cike da hannu a shigar da su daga baya, da layin intanet na biyu daga wani kamfani daban, da kwafin bayanai da ake ɗauka kullum a ajiye a na'urar da ba a bari a jone da saba, tunda manhajar neman fansa takan kulle duk abin da ta tarar a jone. Shi ma mai ciwon suga ko hawan jini da ke zuwa asibiti duk wata, riƙe takarda mai sunayen magungunansa da adadin da yake sha zai ba likita damar duba shi ko da allo bai buɗe ba.